Jikokin Attajiri da Fadamar Kakanmu

(Jawabin da aka gabatar a zaman ɗaliban Ikara, Maƙarfi da Kudan)

 

Da aka ce mini in zo in yi magana a kan karatun littattafan hira a tsakanin matasanmu, sai na ga abin ya fi ƙarfina, domin kuwa ni ba ɗalibin adabi ba ne, shari'a nake koyo, ita ma ban kai ƙarshenta ba. Saboda haka na roƙi arziki a bar ni in tsaya a kan abin da na gani da idona, tun da gani ya kori ji. Watau zan ba ku labarin waɗansu littattafai uku na Turanci da suka yi ta yawo hannu zuwa hannu a ƙasarmu, daga Gimi zuwa Ikara, daga can zuwa Hunƙuyi, da kuma abin da mutanen da suka karanta su, ko aka ba su labarinsu, suka ce. Maganganun mutanen nan sun fi littattafan kansu tsaya mini a rai, su ne kuwa dalilin tsayuwata a gabanku yau.

Kun tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka shiga ran 14 ga Fabrairu aka janye ran 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Lokacin ina shekarar farko. Na tattara 'yan komatsaina na koma ƙauyenmu da ke kusa da Gimi, a ƙasar Maƙarfi, da zaton mako huɗu za a yi kamar yadda aka faɗa da fari. A cikin jakata akwai littattafai biyu da wata 'yar ajinmu ta ara mini. Na ukun bai fito ba sai ƙarshen Agusta na shekarar, da ya zo hannunta kuwa ta aiko mini da shi ta wajen wani direba mai bin hanyar Zariya zuwa Kano.

Marubuciyar Ba'amurkiya ce, sunanta Jennifer Lynn Barnes, ta kuma koyar da ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oklahoma. Littafin farko, The Inheritance Games, ya fito a 2020, ma'anarsa wasannin gado. The Hawthorne Legacy ya biyo baya a 2021, sa'an nan The Final Gambit a 2022. A 2023 ta ƙara wani, The Brothers Hawthorne, wanda ya koma kan samarin gidan kansu. Ga yadda labarin yake a taƙaice, waɗanda ba su karanta ba su gafarce ni, don zan tona waɗansu asirai.

Wata yarinya ce 'yar sakandare mai suna Avery. Uwarta ta rasu, uban kuwa ba ya tsinana mata komai, tana zaune wurin yayarta, wani lokaci ma a cikin tsohuwar motarta take kwana. Rana ɗaya sai aka kira ta jihar Texas wurin karanta wasiyyar wani tsohon attajiri, Tobias Hawthorne, mutumin da ba ta san da zamansa a duniya ba. Da lauyoyi suka buɗe takarda sai aka ji ya bar mata kusan duk abin da ya mallaka, dala biliyan 46.2, bisa sharaɗi guda: ta zauna shekara ɗaya a cikin gidansa tare da iyalin da ya hana. Gidan kuwa cike yake da ƙofofin ɓoye da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, tsohon kuma ya bar wasiƙu masu kacici-kacici, domin tun yana raye al'adarsa ce kowace Asabar ya ɗaura wa jikokinsa wasa ƙwaƙwalwa ya zauna yana kallon wanda zai riga warwarewa. Jikokin nan su huɗu ne, duka maza. Nash ne babba, shi ba ruwansa da dukiyar. Grayson shi ne wanda kowa ya ɗauka zai gaji gidan, mai kwat da ɗaure fuska. Jameson ɗan kasada ne, ba ya ganin rami sai ya leƙa. Xander ne auta, mai barkwanci da ƙere-ƙere. Tambayar da ta riƙe littattafan uku ita ce, me ya sa tsohon ya zaɓi wannan yarinya?

A can ƙasar da aka rubuta su, abin da ya fi ɗaukar hankalin matasa masu karatu shi ne wanda yarinyar za ta so tsakanin Grayson da Jameson. Sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da hujjojinsa, kamar dai musun da akan yi a teburin mai shayi tsakanin masoyan Ali Nuhu da na Adam A. Zango.

Ƙanwata da ƙawayenta, waɗanda lokacin suke aji biyar na sakandare, su ma nan suka fara. Kusan dukkansu Grayson suka zaɓa, na kuwa san dalili. Shi ne ya yi kama da gwarzon littattafan Hausa da suke karantawa a waya, watau miskilin ɗan mai kuɗi wanda ba ya dariya, ba ya son mutane, sai wata 'yar talaka ta zo ta narkar da zuciyarsa. Amma ƙorafinsu ya bambanta da na takwarorinsu na Amurka. Ɗaya ta ce ita abin da ya ba ta haushi, an ci littafi uku ba a ɗaura aure ba. Wata ta ce ta yaya budurwa za ta tare a gida ɗaya da samari huɗu waɗanda ba muharramanta ba, a rasa gwaggo ko inna guda da za ta ce uffan? Na yi dariya a lokacin. Daga baya na lura cewa tambayar tata ta mai hankali ce, domin ta gano cewa a duniyar littafin yarinyar ba ta da magabata, lauyoyi da masu gadi ne suka tsaya mata a matsayin dangi.

Littafin farko bai isa Ikara ba sai a 2024, hannun wani ɗan'uwana ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi bai kula da soyayya ba, bai kula da kacici-kacicin ba, biro ya ɗauka. A cikin wasiyyar an bar wa kowane jika dala 250,000, wannan kuwa shi ne littafin ya nuna a matsayin an hana su gado, har ana tausaya musu. Ya ce mini in lissafa da kaina. A shekarar nan dala ta haura naira 1,500, saboda haka rabon kowane yaro ya kai naira miliyan 375. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar naira 70,000 ne. In mutum zai tara albashin nan bai ci ba, bai sha ba, bai sayi ko sabulu ba, sai ya yi shekara 446 kafin ya kamo wanda aka ce an zalunta. Ya ajiye biro ya ce, “Allah ya haɗa mu da irin wannan zalunci.” Duk da haka bai ajiye littafin ba sai da ya kai ƙarshe, har ya aiko a ba shi na biyu. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma yana son ya ji me ya sa aka zaɓi yarinyar. Ga alama komai talaucin mai karatu, in an ɗaura masa ƙulli da kyau ba ya iya barci sai ya ga an kwance.

To, yanzu na zo kan mutumin da ya juya mini tunani. Ina da aboki a Hunƙuyi wanda muka yi makarantar allo tare. Ni na bi boko, shi ya zarce karatun zaure, ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, yana kuma zama wurin malaminsa in an zo rabon gado. Ba ya karanta Turanci, saboda haka da baki na ba shi labarin, wata rana da yamma muna zaune a bakin gonar tumatir. Ban yi nisa ba ya tsai da ni. Ya ce tsohon ya bar 'ya'ya? Na ce ya bar mata biyu, Zara da Skye. Akwai kuma wani namiji da aka ɗauka ya mutu, wanda daga baya ta bayyana ɗan riƙo ne. Ya ce su samarin huɗu ta ina suka fito? Na ce duka 'ya'yan Skye ne. Sai ya yi murmushi ya ce, “Ai malam, labarin naka ya ƙare tun a shafin farko.”

Ga abin da yake nufi, na san da yawanku kun sani, amma ku bari in maimaita. A shari'ar Musulunci mutum ba shi da ikon yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, sai in magada sun yarda da kansu, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Asalin iyakar nan hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, wanda ya yi rashin lafiya yana da 'ya ɗaya, ya so ya ba da mafi yawan dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi. Sauran dukiyar kuwa an riga an yanka ta a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. 'Ya'ya mata biyu, in babu namiji, suna da kashi biyu cikin uku na abin da za a raba. Ɗan riƙo ba ya gado. Saboda haka da a Hunƙuyi tsohon nan ya mutu, iyakar abin da baƙuwar yarinya za ta samu sulusi ne, matan nan biyu kuwa da aka sallama da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su ne manyan magada.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matsayin samarin. Duk littattafan an gina su ne a kan cewa an ƙwace musu haƙƙinsu. A wurin abokina kuwa ba su da haƙƙin da za a ƙwace, domin 'ya'yan 'ya mace ne, ba sa cikin masu rabo yankakke, ba sa cikin asaba. In kakansu yana son su samu wani abu, to, ya ba su yana raye, ko ya sa su cikin sulusin nan. Muna da misali a kusa. Alhasan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, ana ƙidaya shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma, 'ya'yansa kuma suka ci gaba da kasuwancin gidan. Aliko Ɗangote jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa, watau matsayinsa a gidan irin na samarin littafin nan ne. Abin da aka sani na tashinsa shi ne tarbiyyar gidan kakansa da rancen da kawunsa ya ba shi ya fara ciniki a 1977. Gidan ya tallafe shi ta hanyar da shari'a ta bari a buɗe, masu bayarwa suna raye suna gani.

Akwai kuma wani abu da sai Bahaushe zai lura da shi. Samarin nan huɗu uwarsu ɗaya, amma kowanne da ubansa daban, shi ya sa suke amsa sunan kakansu. A harshenmu su 'yan'uwa ne na haƙiƙa, ba 'yan uba ba. Mu kuwa mun san nauyin kalmomin nan biyu. Ɗan'uwa rabin jiki ne, 'yan'ubanci kuwa shi ne sunan da muka ba kishi da gaba a cikin gida. Tun daga tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa muka taso da sanin cewa in mai gida ya tara dukiya da mata, rigimar tana tsakanin ɗakuna. Da na gaya wa abokina cewa samarin nan suna faɗa, suna gasa, amma in wani ya taɓa ɗaya sai su haɗa kai, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai nono ɗaya suka sha.

Kada wani ya ɗauka wannan bambanci ne tsakanin Musulmi da Turawa kurum. A Texas mutum yana iya hana 'ya'yansa gado ya ba wanda ya ga dama. A Faransa ba ya iyawa. Dokarsu ta keɓe wa 'ya'ya rabon da ba a taɓawa: rabi in ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku in biyu ne, kashi uku cikin huɗu in sun kai uku ko fiye. Watau da a Faris aka karanta wasiyyar nan, Zara da Skye sun tashi da kashi biyu cikin uku. Labarin nan ɗan ƙasarsa ne, ba zai rayu ko'ina ba sai inda doka ta yarda mamaci ya ci gaba da mulkin gidansa daga cikin kabari. Duk daɗin kacici-kacicin a kan wannan iko ya dogara. Shari'armu kuwa ta karɓe ikon nan daga hannun mamaci tun kafin a yi masa wanka.

Na koma gida ina jin daɗi, ina ganin mu mun tsira daga irin wannan wulaƙanci. Ashe da sauran magana.

Wani dare ina ba ƙannena labarin a tsakar gida, gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo mana kwana biyu, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ban zaci tana saurare ba. Da na kai wurin wasiyyar sai ta ce, “Su 'ya'yan nasa mata, shiru suka yi?” Na ce a'a Gwaggo, sun tayar da ƙura, sun nemi duk hanyar da za su rushe takardar. Ta ce, “To, su sun yi ƙoƙari.” Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa labarin ya maƙale mini a wuya, domin na gane inda maganar ta dosa.

Kakanmu ya rasu ina firamare. Ya bar fadamar rake da gonar tudu, ya bar 'ya'ya maza uku da mata biyu, kakarmu kuwa ta riga shi. Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji ɗaya a sashenmu zai yi shi: kashi takwas, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Watau rubu'in fadamar nan na gwaggonnina ne su biyu. Har yau ba a raba ba. Maza suna nomawa, in an yanke rake an sayar a kasuwar Maƙarfi, ko an dafa mazarƙwaila, sai a aika wa kowace gwaggo da buhun masara da ɗan abin cefane, ita kuma ta aiko da godiya, kamar kyauta aka yi mata. Ba wanda ya ce ba su da rabo, ba wanda zai iya faɗin haka a gaban malami. Ana dai cewa ba a raba ba tukuna. Mahaifina yana cikin mazan nan uku, kuɗin makarantar da ya kawo ni nan, har na koyi lissafin da na yi muku yanzu, daga raken nan ya fito. Ba na jin gidanmu kaɗai ne a ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan, na kuma ga waɗansunku sun sunkuyar da kai.

Ba zan zalunci iyayena maza ba, suna da hujjarsu. Suna cewa in aka yanka fadamar kashi takwas ba wanda rabonsa zai ishe shi, rabon mata kuma zai koma hannun surukai, wataƙila su sayar wa baƙo a tsakiyar gonar gida. Tsoron nan gaskiya ne, duk wanda ya san yadda fadama take tsada a wajenmu ya sani. Sai dai shari'a ba ta ce lalle sai an sa igiya an yayyanka ƙasa ba. Ana iya yi wa gona kuɗi a biya mai rabo da yardarta, ana iya barinta a haɗe a riƙa raba amfanin bisa kason kowa. Abin da ba shi da madafa shi ne a mai da haƙƙi ya zama alheri.

Wannan ne ya kai ni ga tambayar da nake so in bar wa masu sha'awar rubutu a cikinmu. Mu ba baƙin littafi ba ne, a nan Zariya aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar da Dokta R. M. East ya shirya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gasar kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. A 1982 aka sami Turmin Danya, labarin attajiri ɗan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Iyayenmu da suka yi sakandare a zamanin nan sun ƙoshi da James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara a 1977, har da The Undesirable Element na Mohammed Sule a ciki. Sa'an nan guguwar Kano ta taso. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin ɗan kasuwar da ya kori uwargidansa da 'ya'yanta saboda sabuwar mace. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, 'yar masu kuɗi da saurayi talaka. Malamai suka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, masu karatu kuwa ba su jira hukuncin kowa ba, suka ci gaba da saye da haya.

Saboda haka attajiri ba ya ƙaranci a littattafanmu, 'ya'yansa ma haka, musamman a waɗanda ake karantawa a waya yanzu, inda kowane gida sai ka tarar da samari uku ko huɗu, wannan soja, wannan likita, wancan ya dawo daga Ingila. Rigimar gado ma takan shigo. Amma a waɗanda na karanta, in ta shigo da kuka take zuwa da boka, ta kuma fita da haɗarin mota ko ciwon ajali, mugu ya yi nadama a gadon asibiti ya mai da abin da ya ci. Ba a ba mai karatu aikin yi, an ba shi hawaye ne kurum. A nan ne Ba'amurkiyar nan ta fi mu, dole in faɗa. Littattafanta suna da rauni. Na biyun ya yi ja, samarin sun cika iya komai har sun daina kama da mutane, kacici-kacicin kuma da yawa wasa ne da haruffan Turanci, kamar sunan yarinyar da in an jujjuya baƙaƙensa yake ba da wata jimla, abin da ba zai fassaru ba ko an so. Amma tana girmama hankalin mai karatu. Takan ajiye masa alama a fili, ta bar shi ya yi zato, ya yi kuskure, ya koma baya ya duba. Babinta gajeru ne, kowanne kuma da ƙugiya a ƙarshensa. Abin da ya hana ɗan'uwana na Ikara barci ke nan.

Ba ina cewa a kwaikwayi labarinta ba ne, na riga na nuna muku ba zai tsaya a ƙasarmu ba. Namu ƙullin yana farawa ne bayan an share makoki. Wa ya ɓoye takardar filin da ke bakin titi? Wa ya matsar da iyakar gona a daminar da mai ita yake kwance? Ga babban ɗa yana cewa uba ya ba shi gidan kasuwa kyauta tun yana raye, alhali a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. To, ya karɓa ko bai karɓa ba, wa ya shaida, a hannun wa mabuɗi yake? Ga wani yaro ya bayyana ran sadakar uku daga wani gari, da uwarsa da shaidun ɗaurin aure, zuwansa kuwa ya canja lissafin kowa. Ga bashin da ba a rubuta ba, wanda dole a biya kafin a raba ko allura. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar da ake sauraron ƙarar gado ya san cewa waɗannan al'amura suna da shaidu da alamu da ƙarya da tonon asiri, duk abin da labarin bincike yake bukata. Mai binciken ma ba sai an ɗauko ɗan sanda ba. Ana iya sa ɗalibar shari'a da ta dawo hutu, ko almajirin malami irin abokina, wanda aka aika ya ƙidaya kayan mamaci ya ga lissafi bai cika ba. In aka rubuta irin wannan da Hausa mai daɗi, ƙanwata da ƙawayenta za su karanta don su ji wa ya ɓoye takarda, su tashi kuma sun san kasonsu a gidan ubansu ba tare da an yi musu wa'azi ba.

A ƙarshen littafi na uku yarinyar ta yanke shawarar ba da mafi yawan dukiyar ga ayyukan taimakon jama'a. Ɗan'uwana na Ikara ya ce wannan hauka ne tsantsa. Abokina na Hunƙuyi ya ce sadaka da abin da ba naka ba ba ta da lada, da ta fara mai da wa matan nan biyu nasu. Ƙanwata ba ta ma lura da zancen ba, ita fushinta Jameson aka zaɓa aka bar mata Grayson. Gwaggo kuwa ta riga ta koma gidanta kafin in kai nan, ban kuma sami ƙarfin halin kai mata ƙarshen labarin ba.

Da ƙaramar sallar da ta biyo bayan yajin aikin na sami mahaifina shi kaɗai bayan sallar isha'i, na durƙusa na yi masa maganar fadamar, da duk ladabin da na iya. Ya daɗe bai ce komai ba. Sa'an nan ya ce ya ji, zai tuntuɓi 'yan'uwansa, amma a bari sai an yanke rake. An yanke rake fiye da sau ɗaya tun daga ranar. Ina da niyyar in sake tayar da maganar a hutun nan, wannan karon tare da abokina na Hunƙuyi, don shi bakinsa ya fi nawa nauyi a wurin manya.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Roƙo ɗaya ya rage mini. Littafin farko ya bar Ikara ya nufi Paki tun bara, daga nan aka ce an gan shi a Likoro. Duk wanda yake hannunsa, ko ya san inda yake, ya taimaka ya dawo mini da shi, domin mai shi tana gama karatu bana, ta kuma fara tambaya.